Baba da Tankin Masai

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwar ƙanwa ce zuwa ga wanta, mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kai da iyalinka. Allah ya raba ka da ciwon bayan nan da ka ce ya matsa maka, ya sa albarka a aikinka, ya raya maka zuri'a. Mu ma nan da sauƙi, alhamdu lillahi. Baban yara yana kan hanya kamar kullum, sati uku ke nan motarsu ba ta juyo ba, amma muna gaisawa ta waya. Babbar 'yarka ta wajena ta gama jarrabawa, ƙaramar kuwa haƙoran gaba biyu sun fita, ta daina dariya a gaban mutane. Baba yana cin abinci, yana tafiya da ƙafarsa, hawan jinin ma ya sauka. Wannan shi ne abin da na saba faɗa maka a waya, kuma duk gaskiya ne, sai dai ba shi ke nan ba.

Na zaɓi in rubuto ne saboda duk lokacin da ka kira, Baba yana zaune kusa da ni, ba na iya maganarsa a kan idonsa. Kai kuma, ka yafe mini, kana da wata irin tambayar lafiya wadda kafin mutum ya buɗe baki ka riga ka amsa wa kanka da alhamdu lillahi. To, takarda ba ta da wannan halin, sai ka karanta ta har ƙarshe. Na san da ka ji abin da ya sa na ɗauki biro za ka yi dariya, ka ce Auta ta rasa abin kawo maka ƙara sai masai. Ka yi dariyarka ka gama, ni na daina tuntuni, domin a kan masan nan ana shirin fitar da mu daga gidan da Baba ya shekara talatin da ɗaya a cikinsa.

Wata biyu ke nan da abin ya fara. Ruwa ne siriri yake zuba daga tankin masai zuwa cikin masan ba ya tsayawa, da wata 'yar ƙara da in ba ka kasa kunne ba ba za ka ji ba. Ni ban ɗauke shi komai ba. Na manta cewa tun bayan tafiyarka an ɗora babban tanki a saman bene, mu gida shida muke sha daga cikinsa, kuma sau ɗaya mai gadi yake kunna injin ruwa, da safe. Sai aka wayi gari kafin azahar famfo ya bushe a ko'ina. Malamar asibitin da ke hawa na uku ta dawo daga aiki ba ruwan wanka, matar tela da ke samanmu ga jego ga tsummokaran jariri sun taru. Da farko mai gadi aka ɗora wa laifi, aka ce ba ya cika tankin, bawan Allah ya sha zagi har da ni a masu gunaguni. Sai da wakilin mai gida ya zo ya bi ɗaki ɗaki yana kasa kunne, ya tsaya a ƙofar banɗakinmu ya dube ni. Ranar na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Nan da nan na kira mai gyaran famfon bakin titi. Ya ɗaga murfin tankin ya nuna mini komai da yatsa. Ya ce abu biyu ne suke kawo wannan: ko dai robar ƙasa da ke toshe ruwa ta ci, ko kuma ƙwallon nan da ke yawo a saman ruwa ya yi sama da yawa, har ruwan yana wuce bakin bututun da ke tsaye a tsakiya yana gangarawa cikin masai kafin ƙwallon ya rufe hanyar shigowa. Ya ce robarmu lafiya lau take, ƙwallon ne. Ya kama sandar tagullar da ke riƙe da shi ya ɗan lanƙwasa ta ƙasa, ruwa ya tsaya cik. Duk wannan Baba yana zaune a falo, ya amsa gaisuwarsa, har ya sa masa albarka da zai fita. Kwana biyu sai ga ƙarar ta dawo. Na sake kiransa, ya sake lanƙwasawa, ya ce wani ne yake taɓawa. Ka san bakina, na ce masa in bai iya aiki ba ya faɗa, kada ya laƙa wa 'ya'yana sharri. Ya yi haƙuri da ni, zuwansa na uku ya cire tsohon ƙwallon gaba ɗaya ya sa sabon yayi na roba wanda ba shi da sandar da za a lanƙwasa, ya ce in wannan ya lalace in canza masa suna.

Kwana uku aka yi. Da na ji ƙarar na ɗaga murfin da kaina, sai ga tsohon ƙwallon da sandarsa ta tagulla sun koma wurinsu, an naɗe bakin bututun da farin zare tsaf, ko ɗigo ba ya fita. Sabon kuwa yana kan taga, an nannaɗe shi cikin jarida. Yaya, yarinya 'yar shekara tara ba ta yin wannan naɗin, kai ma ka san hannun da yake yin sa. Duk da haka zuciyata ta ƙi yarda, sai washegari na yi shirin zuwa aikina a kantin magani kamar kullum, na yi masa sallama, na kai bakin titi na juyo. Na same shi a banɗaki sanye da tsohuwar rigarsa ta aikin famfo, ya ninke tawul ya ɗora murfin a kai don kada ya ɓantare, ya sa manyan yatsunsa biyu yana ɗaga sandar a hankali. Da ya gan ni bai ko razana ba. Ya ce in matso in koya, ya yi mini bayani yadda yake yi maka kana saurayi: wai a unguwar nan awa biyu ake kawo ruwa a rana, kuma ba shi da ƙarfi, don haka ma'aikacin kirki yakan ɗaga ƙwallon sama domin tanki ya kwashi duk abin da zai iya kafin a ɗauke. Ka tuna haka abin yake muna yara, lokacin da ruwa yake zuwa kai tsaye daga titi, bai taɓa kai bakin bututun nan ba ma balle ya zube. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar shekara ashirin da biyar da suka wuce. Mutumin da ba ya tuna ko ya karya kumallo, hannunsa ko rawa ba ya yi a kan sandar nan.

Na zaunar da shi na yi masa bayanin tankin sama da injin da maƙwabta. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce ai kuwa na yi gaskiya, in haka ne dole a sauke ƙwallon, har ya tashi ya sauke da kansa. Na tafi aiki ina murna. Washegari ya sake ɗagawa, kuma ya sake yi mini bayanin awa biyun nan tun daga farko kamar bai taɓa yi ba.

Babu dabarar da ban yi ba. Na rufe makunnin ruwan da ke bayan masai muka koma zuba bokiti, ya buɗe, yana faɗa wai wane marar hankali ne ya bar gida ba ruwa. Na ɗaure murfin da waya, ya sa filaya ya yanke, ya kuma naɗe wayar ya ajiye mini a kicin ya ce kada a yi asararta. Na ɓoye akwatin kayan aikinsa a ƙarƙashin gadona, wannan kam har yau ina nadama. Ya fita tsakar gida yana ɗaga murya wai mai gadi ya yi masa sata, Baba da ko kaza bai taɓa yi wa tsawa ba. Daga nan ya koma ɗaki ya juya wa ƙofa baya, kwana biyu ko shayi bai karɓa ba. Na fito da akwatin na ce a bayan kujera na gan shi. Ya buɗe ya ƙirga sifanunsa ɗaya bayan ɗaya sannan ya ce a kawo masa abinci. Kuma ko da na ɓoye, ɗaga sandar nan ba ya bukatar sifana, hannu ya isa.

Na je na ba mai gyaran famfo haƙuri a kan zagin da na yi masa. Mutumin kirki ne, ya ce ai shi tun zuwansa na biyu ya gane, domin ya ga lanƙwasar ta gwani ce, kunyar faɗa mini ya ji. Shi ya ba ni shawara, ya kawo wani tsohon tankin masai daga shagonsa muka ɗora a kan benci a baranda, da ƙwallonsa da komai, na cika shi da ruwa, na ce wa Baba wani ne ya kawo gyara. Ya taso da saurinsa, ya ɗaga murfin, ya leƙa, sannan ya zura hannu ta baya yana laluben bututun shigowar ruwa, bai samu ba. Ya daɗe a tsaye. Sai ya juyo ya kira ni Auta, abin da ya yi makonni bai yi ba, ya tambaye ni ko har ya kai matsayin da za a ba shi abin wasa. Ya ce ya sani sarai abubuwa suna ɓace masa, ya san wani lokaci yana kallon fuskata yana neman sunana, amma kada in ƙara yi masa haka. Na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kuka mai isata. Bayan awa ɗaya ya manta an yi, ni ce dai ban manta ba.

Na san abin da za ka ce, domin baban yara ma ya faɗa: in an kore mu ai gidan haya bai ƙare ba. Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Likitansa ya gargaɗe ni, ya ce abin da ya rage wa Baba na sanin inda yake, gidan nan ne yake riƙe masa shi, in aka ɗauke shi sauran zai iya tafiya gaba ɗaya. Kuma na gani da idona. Lokacin da aka yi mana fenti na kai shi gidan Goggo na kwana biyu, da rana tsaka ya fice wai zai koma gida, sai bayan la'asar wani mai kanti ya riƙo hannunsa daga can bayan tasha, takalmi ƙafa ɗaya. A nan kuwa ya san kowane bango, ya san ɗakin da Mama ta rasu, ya san taku nawa ne daga gadonsa zuwa ƙofa. Ga shi a hawan ƙasa muke, gwiwarsa ba ta hawan bene. Ina zan samu irin wannan, in ma na samu, ina zan samo masa shekara talatin da ɗaya in zuba a ciki?

Ranar Asabar da ta wuce wakilin mai gida ya dawo da safe, tare da malamar asibiti da tela. Na riga na sauke ƙwallon da kaina, domin yanzu ƙanwarka ta zama mai gyaran famfo ba tare da ta yi koyo ba. Ina tsaye a falo ina rantse musu cewa matsala ta ƙare, sai Baba ya fito da rigar aikinsa. Ya ga baƙi, ya ɗauka masu kawo aiki ne. Ya gaishe su da fara'a, ya ce su shigo su ga irin aikin da yake yi kafin su yanke shawara. Na yi ƙoƙarin tare shi, ya ce in ba manya wuri. A kan idonsu ya ɗaga murfin, ya ɗaga sandar, ya yi musu bayanin awa biyu, ruwa ya hau ya fara gangarawa cikin masai, shi kuwa ya goge hannunsa a rigarsa yana dubansu yana jiran yabo. Malamar asibitin nan da nake tsoron bakinta ita ce ta rusuna ta yi masa sannu da aiki, ta ce Allah ya saka da alheri. Da muka fito waje ta kama hannuna, idonta ya kawo ruwa, ta ce wallahi ta tausaya mini, amma ita ma marasa lafiya take taɓawa yini guda, ba za ta iya dawowa gida ba wanka ba. Ban ga laifinta ba. Wakilin ya ce shi ɗan aike ne, kuma saƙon mai gida shi ne daga nan zuwa ƙarshen wata in tanki ya sake ƙarewa kafin yamma ko sau ɗaya, za a ba mu takardar tashi. Da zai tafi ya rage murya ya ce in da shi ne ni, kwaɗo zai saya.

Na saya, Yaya. Ranar Lahadi na sa wa ƙofar banɗaki kwaɗo, na rataye makullin a wuyana da zare. Yau kwana biyar ruwa bai yanke ba, maƙwabta sun dawo suna gaishe ni, matar tela har ta aiko yi mini sannu. Amma ba zan iya kulle banɗaki in bar tsoho a gida in tafi aiki ba, don haka na roƙi mai kantinmu hutu, ya ba ni sati biyu, ya ce in na wuce haka zai nemi wata. Saura kwana tara. Kuma in Baba zai shiga, sai in buɗe masa in tsaya a bakin ƙofa ina kasa kunne, da na ji motsin murfi in ƙwanƙwasa in kira shi. Ka duba wannan, 'ya mace tsaye a ƙofar banɗakin mahaifinta tana sauraro. Shi yana jin nauyi, ni ina jin nauyi, kuma ba zan iya shiga tare da shi ba. Gaba kura baya sayaki: in na cire kwaɗon mun rasa gida, in na bar shi na rasa aiki, kuma ina ganin abin da yake yi wa Baba.

Don haka ba aike nake nema ba, kada ka turo mini komai, kuma kada ka kira ka ce in yi haƙuri, na yi har ya ƙare. Kai nake so. Kai namiji ne, kana iya shiga da shi ka tsaya kusa da shi ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Kai ne kaɗai mutumin da ya taɓa yarda ya bar wa aiki, har yanzu in ya ga famfo yana ɗiga sai ya ce a bari sai ka dawo ka duba. Wataƙila in kai ka ce masa ka karɓi aikin masan nan ya huta, ya ji, wataƙila kuma ba zai ji ba, ban yi maka alƙawari ba. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma nawa ya gaji. Na san nisa, na san wahalar samun hutu a wurinku, na san shekara huɗu kana cewa bayan wata kaza. Zumunci dai a ƙafa yake. Ka zo kafin ƙarshen wata mu zauna mu ga yadda za a yi, ko da sati biyu ne.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce ina yi mata ban gajiyar ɗawainiya da kai. Ka shafa mini kan 'yan biyu, da takwarar Mama, ka ce ina ganin hotunansu. Ka gaida abokin zamanka mai gyaran agogo da ya taɓa kawo mana saƙo. Goggo tana gaishe ka, ta ce ta yi fushi. Kawu ma ya ce a gaishe ka, 'ya'yanka na nan suna ta tambayar yaushe za su gan ka.

Na so in rufe a nan, amma akwai abin da ya faru yau da hantsi wanda in ban faɗa maka ba ban yi maka adalci ba. Ina kicin sai na ji sallama a bakin ƙofa. Baba ne, ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ɗan rusuna, ya kira ni uwargida. Bai gane ni ba. Ya ce shi ne ma'aikacin da ya yi aikin banɗakin gidan nan, ya ga an kulle, yana roƙon in taimaka in buɗe masa ya ɗan duba wani abu, ba zai daɗe ba. Na ga akwatin aikinsa a ajiye kusa da ƙafarsa, sai na ce masa an gode, an riga an gama aikin, ya je ya huta. Ya sake roƙo a hankali, na sake cewa an gama. Ya ce to, ya yi godiya, ya koma falo ya zauna. Sai da na kai masa shayi na ga ya ɗora jarida a cinyarsa ya kau da kai, wandonsa da kujerar duk sun jiƙe. Ba gyara ya zo yi ba, Yaya. Fitsari ne ya matse shi, ya ji kunyar faɗa wa matar mutane, shi ne ya fake da aiki. Har yana ba ni haƙuri, wai kada in faɗa wa mai gidan. Ni na hana shi, makullin yana wuyana, taku huɗu tsakaninsa da ƙofar.

Don Allah ka zo.

Ƙanwarka,
Auta